Kunyar Sharfaddeen a Hanyar Penang

In dai maganar tafiya ce a ƙasar Malesiya, duk Bahaushen da ke zaune a unguwar Taman Melati ya san ba a jayayya da Sharfaddeen. Ba wai ya fi kowa gaskiya ba ne, naci ne ya fi kowa. Ka kuskura ka ce masa gobe za ka Ipoh, to ka nemi wurin zama, don sai ka sha laccar rabin awa a kan kujerar da ya kamata ka zaɓa.

Shekararsa biyar yana digirin digirgir a kan ingancin ruwan sha. A shekara ta biyu malamin da ke duba aikinsa ya koma wata jami'a a Penang, ya tafi da injinan gwajin, alhali Sharfaddeen ya riga ya ajiye iyali a Kuala Lumpur: matarsa Barira da yara biyu, Walida da Mus'ab, waɗanda in ka yi musu Hausa sai su mayar maka da Turanci. Tun daga nan ya zama ɗan hanya, duk mako sai ya yi kwana uku ko huɗu a can. Jirgin ƙasa ya fi so, in bai samu tikiti ba sai bas ɗin nan mai hawa biyu, kuma a kan bas ɗin ya haɗa ilimin da ya kusa fin wanda aka turo shi nema. Hawan sama, layi na uku, kujerar da take ita kaɗai. A layin gaba rana ce za ta dafa ka ta gilashi, a na baya ka sha jijjiga har hanjinka ya kaɗa. Sanyin na'urar motar kuwa, tsakaninsa da shi sai Allah ya isa: a waje ana zuba gumi, a ciki haƙora na haɗuwa. Saboda haka yana da jaka ta musamman mai ɗauke da bargo da safa da hular sanyi, da wani ɗan ƙyalle da yake cusawa a ramin da iskar ke fitowa.

Kada a zalunce shi, mutum ne mai hidima. Sabon ɗalibi in ya sauka, shi zai tarbo shi, ya nema masa ɗaki, ya nuna masa kedai, wato shagon da ake samun attaruhu. A gidansa ma ba a rasa komai. Kafin ya tafi sai ya cika firji, ya duba gas, ya rubuta lambar mai gyaran famfo ya manna a bango. Abin da ake rasawa shi ne shi kansa. Yana Penang ba ya nan, ya dawo kuma ya buɗe kwamfuta, nan ma ba ya nan. Barira sai ta yini a bene na goma sha huɗu ba ta yi magana da babban mutum ba, in ta fara faɗa masa ya ce, "To me kika rasa?" Wannan tambaya ta fi komai ƙona mata rai, shi kuwa har ga Allah yana ganin ya gama magana.

Wata rana ta yi wa mahaifinta kuka a waya. Alhaji Maitama tsohon hedimasta ne a Gwarzo, ba ya kwana-kwana. Ya kira surukinsa ya ce, "Malam, zan zo in gani da idona. In zaman bai yi ba, in taho da ita da yaran, ka ƙarasa karatunka ka same su." Bayan wata ɗaya sai ga shi ya sauka.

Hankalin Sharfaddeen ya tashi ƙwarai, don yana son matarsa, kuma ya san in ya buɗe ƙofar gidan nan ya tarar ba kowa, ba digirin ba, ko shayi ba zai iya haɗawa ba. Maimakon ya zauna da ita su yi magana, sai ya yi abin da ya iya, ya shirya tafiya. Zai kai Baba Penang ya ga ɗakin gwajin, ya ji daga bakin malamin cewa wata shida ya rage. A hanya kuma Baba zai ga irin riƙon da surukinsa ya iya.

Lokacin hutun makaranta ne, jirgin ƙasa ya cika tun mako biyu baya, sai bas. Nan fa aka zo wurin. Shekara tara da aurensa, Sharfaddeen bai taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gaban Alhaji Maitama ba, bai taɓa zama a kujera ɗaya da shi ba, gaisuwa ma daga nesa yake durƙusawa idonsa a ƙasa. Yanzu a ce awa biyar kafaɗa da kafaɗa, gwiwa na gugar gwiwa, barci ya kwashe shi kansa ya faɗa kan kafaɗar suruki? Tunanin kaɗai ya sa shi gumi. Ya saya wa Baba kujera a hawan ƙasa, da hujjar gwiwarsa ba ta son matakala, shi kuma ya haye sama. Har ƙirga layuka ya yi a wayarsa, don kada ƙafafunsa su zo saitin kan Baba.

"Ka zauna kusa da shi mana," in ji Barira. "Bai san kowa ba, ba ya jin yarensu."

"Haba Maman Walida, ni da Baba a jere? No way. Everything is arranged lah, kar ki damu."

"Ai kai komai naka arranged ne," ta ce, ta koma kicin.

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe suka tashi daga tashar TBS. Sai da ya gyara wa Baba zama kamar ango: ya kwantar masa da kujera, ya shimfiɗa masa bargon, ya ajiye safa da ruwa da dabino da fulas ɗin shayi, ya cusa ƙyallen nan a ramin iska. Fasfon Baba ya karɓa ya sa a aljihunsa don kada ya ɓata. Baba ya ce, "Allah ya yi albarka, Malam." Sharfaddeen ya hau sama yana jin ya ci rabin shari'ar. Awa biyu da rabi suna gudu tsakanin gonakin kwakwar manja, sau uku yana miƙewa zai sauka ya duba tsohon, sau uku yana komawa ya zauna, wai kada ya tarar da shi yana barci baki buɗe.

Wajen ɗaya da rabi motar ta tsaya a wurin hutun matafiya da ke bakin babbar hanya. Ya sauko ya raka Baba, yana binsa taku uku a baya, ya nuna masa wurin alwala da surau, wato ɗan masallacin wurin. "Baba, minti ashirin suka ba mu. Ga motarmu can, mai ja." Baba ya ce to. Sharfaddeen kuwa ya ƙudurta zai haɗa azahar da la'asar in sun isa, don yunwa ke cinsa, da safe bai karya ba saboda Baba na zaune a falo. Ya sayi nasi lemak, shinkafar nan tasu ta madarar kwakwa, ya laɓe bayan wani ginshiƙi kamar ɓarawon akuya, ya shiga ɗura.

Bai ankara ba sai ya ji hon. Ya ruga a guje, ya faɗa motar yana haki. Daga bakin ƙofa ya ɗan saci kallon hawan ƙasa, ya hango bargo a tsibe kan kujera da jakar Baba a gefe. Taku huɗu ne tsakaninsa da kujerar. Taku huɗu, jama'a! Amma ga maiƙo a bakinsa, ga warin albasa, kuma ina shi ina leƙa fuskar suruki a cikin bargo? Direba ya waigo ya ce, "Semua ada?" wato kowa ya shigo? Sharfaddeen da bakinsa ya ce, "Ada, ada," ya haye sama.

Sun yi tafiyar kusan awa ɗaya sai ga wata dattijuwa 'yar Malay ta hawo matakala da ƙyar, riƙe da carbi. Ta ce na tsohon da ke gefenta ne, ya faɗi ƙarƙashin kujera, shi ne ta kawo masa. Da ta ga bai dawo wurinsa ba, ta ɗauka ya koma sama wurin ɗansa, don ita a tunaninta ba ɗan da zai bar tsoho shi kaɗai. Ta duba dama da hagu ta ce, "Pak cik mana?" wato ina baban?

Sharfaddeen bai san yadda aka yi ya sauka matakalar ba. Ya ɗaga bargon, babu kowa. Wayar Baba na cikin jaka, fasfon Baba na aljihunsa. Ya ajiye dattijo mai shekara saba'in da biyu a bakin titin wata ƙasa, ba waya, ba takarda, ba yare.

Direban ya yi masa kirki, ya sauke shi a mahaɗa ta gaba. Ya tsaya da jakunkuna biyu da bargo da fulas har ya samu tasi, sannan ya gane wani sabon baƙin ciki: babbar hanyar a rabe take, sai sun koma baya sun wuce wurin da nisa kafin su samu inda za su juyo. Yana ganin rufin surau ɗin ya gifta a ɗaya ɓangaren, ba damar tsayawa. Sau biyu Barira na kira yana kallon wayar har ta katse. A ƙarshe ya rubuta mata, "On the way," ya kife wayar a cinya.

Ana dab da kiran la'asar ya iso. Alhaji Maitama na zaune a barandar surau, ya miƙe ƙafa, kusa da shi wani tsoho mai farar hula, mai kula da wurin, suna shan shayi. Da guntun Larabci da nuni da hannu suka fahimci juna. Tsohon ya tari Sharfaddeen ya ce, "You the son?" Ya gaya masa cewa baƙon ya fi awa ɗaya tsaye a rana, daidai inda motar ta tashi, ya ƙi matsawa, wai in ɗansa ya dawo nan zai duba. Da ƙyar ya lallashe shi ya shigo inuwa. Ya ƙare wa Sharfaddeen kallo daga sama har ƙasa, ya ɗauki tsintsiyarsa ya ba su wuri.

Sharfaddeen ya zube can nesa. "Baba, don Allah a gafarce ni. Wallahi na ɗauka..."

"Matso, Malam, ba na jin ka daga nan."

Ya ja gwiwa kaɗan.

"Matso na ce."

Ya matso har yana jin ƙanshin turaren Baba, abin da bai taɓa faruwa ba tun ranar ɗaurin aure.

"Ka ƙoshi dai?" in ji Baba.

Sharfaddeen ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Na idar da salla da wuri, na fito zan tafi mota, sai na hango ka bayan ginshiƙi kana cin abinci, kuma ta gabanka hanyar take. Na ce in na wuce yaron nan zai ƙware. Shi ne na koma ciki na ƙara nafila, in ba ka lokaci ka gama. Ina sallamewa na ga bayan mota." Ya kurɓi shayi. "Ka ga ni ma da nawa laifin. Kai kana jin kunyata, ni ina jin taka, mota ta tafi."

"Baba, laifina ne ni kaɗai."

"Bargon nan naka mai kyau ne, safar ma haka. Tun da nake tafiya ba a taɓa tanadar mini kaya irin na yau ba, ban rasa komai ba. Amma daga tasha zuwa nan, awa biyu da rabi, ina ta kallon matakalar nan, ko za ka leƙo ka ce Baba yaya sanyi. Ni yini ɗaya ke nan na yi."

Sharfaddeen ya buɗe baki zai kawo zancen wata shida da malami da ɗakin gwaji, sai ya ji duk sun yi masa nauyi a harshe. Wayar ta sake ruri a aljihunsa. Ya ciro, ya ga sunan Barira, ya kai yatsa zai kashe.

"Ɗauka," in ji Baba. "Ka faɗa mata da bakinka."

Ya ɗauka.

"Abban Walida, kun isa? Tun ɗazu nake kira. Baba lafiya?"

"Lafiya lau yake, ga shi ma kusa da ni." Ya gyara durƙuso. "Barira, mota ce ta tafi ta bar shi a hanya. Ina sama, na ɗauka yana ciki. Ban duba ba."

Yana jin muryar Mus'ab can ciki yana faɗa da Walida da Turanci.

"Shi ma?" ta ce.

"Maman Walida, ki tsaya ki ji..."

"Ba shi wayar. Ina so in tambaye shi kilo nawa aka yarda kowa ya ɗauka a jirgin komawa gida."

Sharfaddeen ya miƙa wa Baba wayar da hannu biyu, a durƙushe, kansa a ƙasa, yadda ya dace da suruki mai tarbiyya.