Kadangaren Iya da Tsohuwar Monita

A gidanmu na Samaru, ɗauke wutar lantarki shi ne kiran tatsuniya. Da zarar fitilu sun mutu bayan sallar magariba, sai kakarmu, wadda muke kira Iya, ta jawo kujerarta kusa da murhu, ta jera masara a kan garwashi, mu jikokinta biyar mu kewaye ta.

A shekarar da nake aji uku na firamare, akwai abin da ya hana mu sukuni a ɗakin mahaifina: tsohuwar monitar kwamfuta, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan, wadda ya saya a gwanjon kayan ofis. Mun yi imani cewa akwai mutane a cikinta. Yayata Rabi har ta ɓoye wuƙar yanka albasa domin mu kwance bayan monitar ranar da manya za su tafi biki. Iya ta tsinci wuƙar a ƙarƙashin tabarma, ta kuma fahimci nufinmu. Ba ta daki kowa ba. Magariba ta jira.

"Ga wata baƙuwa nan a bakin ƙofa," in ji ta.

"A shigo da ita!" muka amsa.

Ta ce a zamanin da, kan Kadangare a tsaye yake cak kamar na kowa. Wata rana Hadari ya ba shi ajiyar akwati mai fuskar gilashi, ya gargaɗe shi cewa 'yarsa Tsawa tana kwana a ciki. Da Sallah ta gabato, ana share gida lungu da saƙo, Kadangare ya leƙa ta ramukan akwatin ya hango ƙura. Ya ce bai ga dalilin da za a wanke tukwane a bar akwati da dauɗa ba. Aka ce ya bari. Ya ce, "Kwana biyu ke nan rabon garin nan da hadari. Me ya rage a ciki?" Sai ya ɗauko sukudireba.

"Iya, kadangare yana da sukudireba?" na tambaya.

"Ta aro ce, maigidana. Ci masararka."

Ya kwance bayan akwatin, ya jiƙa tsumma, ya zura hannu wajen wata 'yar hular roba da ke manne da gilashin. Ashe a ƙarƙashinta Tsawa take barci. Iya ta tafa hannu da ƙarfi har muka zabura. "Tas! Sai ga Kadangare a sama, sai ga shi a cikin tukunyar miyar kuka. Tun ranar yake gyaɗa kai yana cewa, da saura, da saura."

Baffa Isuhu, ƙanin mahaifina, yana gefe yana cin masara. Ya yi gyaran murya.

"Ba tukunyar miya ba ce. Bokitin wanki ne."

"Au, kana wurin ne, Auta?" in ji Iya.

"Na taɓa jin tatsuniyar ne a wani gari."

"To, mai wancan garin ya gode wa Allah da ya tashi da ransa."

Ba mu gane komai ba, amma babu wanda ya ƙara kusantar ɗakin. Rabi da kanta ta mayar da wuƙar madafa.

Iya ta rasu ina shekarar farko a jami'a, Allah ya jiƙanta. Monitar kuwa tana nan, domin mahaifina ya ƙi rabuwa da ita. Bara, bayan na kammala digiri, ta fara ƙaurin ƙonewa idan an kunna ta, sai ya ce in duba, tunda ni ne mai ilimin gidan. Na zare wayarta daga bango, na ɗauko sukudireba, na ce wa kaina ai an kwana uku babu wuta a unguwa. Sai na ji maganar ta yi mini kama da wadda na sani. Na ajiye sukudireba, na tari keke mai ƙafa uku zuwa Sabon Gari, monitar a kan cinyata kamar mara lafiya.

Malam Bulus, dattijon da ya daɗe yana gyaran irin waɗannan kaya, ya buɗe ta ina kallo. Ya bayyana mini cewa gilashin yana riƙe wuta ko da an daɗe da zare waya. Ya ɗaura wata waya daga ƙarfen jikin monitar zuwa sukudireba mai mariƙin roba, ya sa hannu ɗaya a aljihu, sannan ya zura bakinta a hankali ƙarƙashin hular robar nan. Tas! Na ja da baya har na taka ƙafar wani mai jiran rediyonsa.

"Ka ji ta ko? Sai ta fita ake taɓawa," in ji shi. "Kuma ba aikin gida ba ne."

Daga nan ya bi ta da busasshen buroshi mai laushi, bai kusanci siririn wuyan gilashin ba, bai kuma sa mata ɗigon ruwa ba. Yana cikin aiki sai ya tsaya, ya ƙura wa murfin ido. Akwai wata tsohuwar tsaga a gefensa.

"Na san wannan. Wani saurayi ya taɓa kawo ta daga Samaru, wandonsa sharkaf, yana ƙamshin sabulun wanki. Duk abin da na ce, kai kawai yake gyaɗawa."

A hanyar komawa na yi ta tunani. Iya ba ta taɓa kunna kwamfuta ba, ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin kayan cikinta ba. Da ta ce mana kada mu taɓa, da mun taɓa kafin asuba. Sai ta ɗauki kuskuren ɗanta ta sa masa jela da ƙafafu huɗu, ta tsare yara biyar, ta kuma rufa masa asiri, da ya iya yin shiru.

Na tarar da Baffa Isuhu a ƙofar gida, furfura ta fara fito masa.

"Baffa, Malam Bulus na Sabon Gari yana gaishe ka."

Ya dubi monitar, ya dube ni.

"Da saura a ciki?"

"Da saura, Baffa."

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa.