Gwajin Ranar Kasuwa

Haladu ɗan Fagam ne, kuma duk wanda ya san shi ya san kunya ta yi masa yawa. Ko ruwa aka miƙa masa sai ya ce ya ƙoshi. Uwarsa, Inna Dada, ita ta sayar da tumakinta ta tura shi Birnin Kudu koyon kwamfuta, don ba ta son ya mutu da fartanya a kafaɗa kamar ubansa. Ya koya kuwa, ya dawo gida ya zauna babu aiki.

Sai aka ba shi labarin shagon Alhaji Maikano da ke bakin tashar Birnin Kudu, inda ake buga katin biki da kalanda, ake hoton takardu, ake kuma karɓar saƙon kaya a ba direbobin Kano da Bauchi. An manna takarda a ƙofa cewa ana neman ma'aikaci. Da Haladu ya je nema, Alhaji ya ce ya zo ranar kasuwa a gwada shi.

Tun kafin ya hau mota Inna Dada ta dama fura ta raba wa maƙwabta sadaka. Shi kuma ya sa farar shaddarsa ta salla, ya ari takalmi.

Alhaji ko ɗaga kai bai yi ba. "Ka iya aikin?"

"Daidai gwargwado, ranka ya daɗe."

"To, mu nan ba ma ɗaukar mutum da baki. Ga aiki nan, mu gani."

A ranar, shagon ba masaka tsinke. Haladu ya buga katin aure, ya yi hoton takardun 'yan makaranta har idonsa ya yi ja, ya ɗaure kwalaye ya kai su tasha a ka. Wata jarkar manja ta ɗiga masa a shadda, ya ci gaba da aikinsa. Da aka kawo wa Alhaji shinkafa ya ce masa bisimilla, sai gogan naka ya ce Alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Alhaji kuwa bai maimaita ba.

Gab da magariba Alhaji ya nuna ƙofa. "Saura gwaji ɗaya. Waccan sanarwar ta koɗe, buga mini sabuwa."

Haladu ya so ya ji dalili, amma ina bakin tambaya? Ya zauna ya buga ANA NEMAN MA'AIKACI da manyan baƙaƙe, ya yi mata ado a gefe, ya rufe ta da roba a inji don kada ruwa ya taɓa ta. Da hannunsa ya manna.

"Madalla," in ji Alhaji. "Je ka, za mu kira ka."

Direban da ya ɗauko shi zuwa gida ne ya dubi shaddar ya tuntsire da dariya. "Kai ne na wannan makon? Ai Alhaji bai taɓa ɗaukar kowa ba. Duk ranar kasuwa da sabon ɗan gwajinsa."

Haladu bai iya faɗa wa Inna ba. Abin da ya fi ciwo ke nan. Duk sanda wayarsa ta yi ƙara sai ta leƙo daga ɗaki: "Ko su ne?"

Damina uku bayan haka, yana acaɓa, ya goyo ta zuwa asibitin Birnin Kudu. Ta nace sai ya nuna mata shagon. Takardar na nan fes, ko kusurwa ba ta ɗaga ba. A ƙarƙashinta wani saurayi cikin gogaggiyar shadda na fama da kwali a ka.

Inna ta ga Haladu ya ƙura wa takardar ido. "Wannan kai ka yi?"

"Ni na yi, Inna."

Inna Dada ba ta karatun boko. Ta sauka da ƙyar, ta shafa robar da tafin hannunta, fuskarta cike da murna.

"Allah ya yi albarka. Dubi kyau! Ai wanda ya yi wannan, dole su kira shi."