Na Tafi Ɗauko Yayana, Na Dawo Da Kifi

Tun da asuba muka tashi daga tashar Zuru, ni da wani maƙwabcina mai kai wake Legas. Shi kasuwanci ya fito da shi. Ni kuwa aike ne, kuma aiken da ba na so. Inna ce ta sayar da akuyarta, ta ƙulle kuɗin a tsumma ta danƙa mini, ta ce kuɗin motar Yaya ne, in je in taho mata da shi kafin ruwa ya sauka. Idonta ya fara tafiya, tana son ta ga ɗanta na fari tun tana iya gane fuska. Ni ma ina da nawa a ciki. Shekara da shekaru ni kaɗai nake noma gonata da tasa ta bayan dutse, kuma bayana ya fara ƙi.

Yayan nan nawa tsohon soja ne, kamar rabin mazan unguwarmu. Da ya dawo daga yaƙin Laberiya ya yi damina ɗaya a gida, bai yi barci ba, mu ma bai bar mu mun yi ba. Hannunsa na rawa, ko kofin kunu bai kaiwa baki sai ya zubar da rabi. In aka yi tsawa sai a je a same shi ƙarƙashin rumbu. Da kaka ta yi ya ɗauki jakarsa ya koma kudu, muka ji wai gadi yake yi wa wani Bature wajen Badagiri.

Hanyar Rijau zuwa Kwantagora ba zan ce mata hanya ba, ramuka ne aka jera, direba na zaɓen wanda zai faɗa. Kafin mu kai Mokwa na daina jin ƙafata ta hagu, buhun wake ya zauna mata. A gadar Jabba na leƙa Kwara na ce to, ai na ga ƙarshen ruwa. A Ilori muka ci wani tuwo baƙi ƙirin kamar da toka aka tuƙa shi, ga barkono kamar da faɗa aka zuba, ga tsada. Loma biyar na yi, na biya abin da a Zuru zai ciyar da ni da yarana. Daga nan sai gosulo da hayaƙin tireloli har Badun. Na isa wajen Yaya washegari, jikina kamar an daka ni a turmi.

Ɗaki ɗaya gare shi na kwano, a bakin wani ruwa mai faɗi da ke haɗe da teku, ya cika da safe ya janye da yamma. Na ɗebo na kurkure baki na tofar. Gishiri ne zalla. Ashe Baturen ya koma ƙasarsu, ya bar wa Yaya wani ɗan kwalekwale na roba, ja, siriri, mai cin mutum ɗaya, amma ya tafi da sandunan fatsarsa. Yaya yana shiga ruwa da zare naɗe a kwalba, duk yatsunsa sun tsattsage, kuma in babban kifi ya kama sai ya tsinke zaren ya yi gaba.

Na isar da saƙon Inna, na ajiye masa ƙullin kuɗin. Ya juya shi a hannu ya ce, "Na ji. Gobe ka raka ni kasuwa." Na ɗauka tsaraba zai saya.

Kasuwar ta 'yan gwanjo ce, kayan da ke saukowa daga jiragen ruwa. Muka wuce takalma, muka wuce tukwane, muka tsaya gaban wani mai sayar da sandunan fatsa da wani ɗan inji mai hannu da ake ɗaura wa sandar, kana murɗawa yana naɗe zare. Su a can ril suke ce masa. A nan na gane inda akuyar Inna za ta.

Tunda na ga ba hana shi zan yi ba, sai na ce bari aƙalla kada a cuce mu. Na ɗaga wani mai nauyi, mai ƙyalli, ga araha, na ce ga ƙarfe na gaskiya. Mu dai a gida da nauyi muke gane garma mai kyau. Yaya ya karɓe shi. Ya zaro mayen ƙarfe daga aljihu, wanda ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya kai jikinsa, sai ji kake ƙas, ya manne. Ya ce, "Wannan kafin wata ya mutu ruwan nan ya cinye shi." Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya manne ya ture shi gefe. Mai kayan yana ta faɗa da Yarbanci. Wanda Yaya ya tsaya a kai wani tsoho ne mai fenti a goge, jikinsa kamar roba. Ya kai shi kunne yana murɗawa a hankali kamar mai neman tasha, wai yana sauraron ko da yashi a ciki.

Sanda ma haka. Na nuna doguwa, ya ce ta masu tsayawa a gaɓa ce, wanda ke zaune cikin kwalekwale in ya ɗauki doguwa ba zai kai hannu ga kifinsa ba. Mai kayan ya kawo wata marar nauyi mai tsada, Yaya ya ce irinta da ta bugi gefen jirgi sau ɗaya ta karye. Ya ɗauki wata gajera mai kauri, ya lanƙwasa kanta a ƙasa, ya zura auduga cikin zobban da zare ke bi don ya ga ko akwai mai tsaga. Abin da ya rage ya zuba shi duka a zare da ƙugiyoyi, ya ce a nan ne ba a rowa. Na ce, "Yaya, akuyar Inna ce fa kake murɗawa." Ya ce, "Na san ta. Mai baƙin kunne."

Kashegari ya shiga ruwa, ni ina zaune gindin kwakwa sauro na cina da rana tsaka. Ya dawo da kifaye, har da wani dogo mai haƙora kamar na kare. Zai ruga ya kai wa mata masu saye kafin su tashi, sai ya miƙo mini sandar ya ce in wanke ta da ril ɗin da ruwan jarka. Ruwan da ake saye a baro! Kuma wa ya taɓa wanke ƙarfe da ruwa don kada ya yi tsatsa? Na ce a raina aikin soja ya taɓa masa kai. Na yi wa ril ɗin yadda ubanmu ya koya mana a yi wa garma bayan kaka: na shafe shi da baƙin mai, na naɗe a tsumma, na rataye.

Sai aka tsuge da ruwa kwana da kwanaki, ba shiga kwalekwale. Ranar da ya kwance tsumman, gishiri ya fito fari a kowace kafa, hannun ril ɗin ya ƙi juyawa. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, da gangan ka yi?" Na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa. Amma da na ji abin ya cije, raina ya yi fari. Ba ril, ba kuɗi, maƙwabcina ya gama sayar da wake zai iya biya mana kuɗin mota mu biyu. Har na fara lissafin wace kunya zan ba shi a gona ya fara nomewa.

Ya shimfiɗa tsumma a ƙasa, ya ɗauko kananzir a murfin kwalba da ɗan sukundireba. Ya warware abin nan kaf, ya jera kayan cikinsa a layi yadda suke yi wa bindiga. Akwai kusoshi ƙanana kamar ƙwayar gero. Ina tsaye ina jiran su watse, don na san hannun. Ya ɗauki ɗaya da yatsa biyu, ya wanke, ya mayar raminta. Ya ɗauki ta biyu. Sai da ya kai ta ƙarshe na lura bakina a buɗe yake. Hannun nan ko rawa ba ya yi.

Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Bai ɗago ba ya ce, "Tun da na fara shiga ruwa. Can ciki ba mai zuwa maka ta baya."

Ya murɗa, abin ya juya sumul. Ya jingina da bango, hadari na ta gurnani a kan kwano, kafin in gama tattara tsumman yana minshari. Ban sake ta da maganar gida ba.

Dawowa ta fi tafiya wuya. Ya ƙulla mini kifi banda a kwali, tun daga Badun 'yan mota ke zagina saboda ƙarni. Taya ta fashe mana bayan Mokwa, muka wuni a rana. Na shiga gida da la'asar, Inna na zaune bakin rumbu, ta miƙa wuya tana duban bayana. Na ajiye kwalin na gaya mata komai, har da akuyar. Na shirya jin kuka ko zagi. Sai ta ce da yarenmu, "Yana barci?"

Na ce, "Har da minshari, Inna."

Ta ɓare kifin ta kai baki, ta ce gishiri ya yi yawa. Ta ci gaba da ci.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba yawa. Nauyi da ƙyalli ba su ne kyan kaya ba, a ruwan gishiri dai. Abin da ke tsare ƙarfe a Zuru shi ke kashe shi a Badagiri. Kuma gonar bayan dutse tawa ce har in mutu, gara in daina duban hanya. A daren aka yi ruwan shuka. Da safe na sauko da garmata daga rataya, tana nan cikin mai da tsumma, ko ɗigon tsatsa babu. Na saɓa ta na hau dutse.