Kyaftin Abdulhalim, Mai Kai Labarin Rasuwa a Garwa

Da an idar da sallar asuba, Kyaftin Abdulhalim yakan goge takalmansa, ya sha kununsa, ya zauna a ƙofar gidansa da ke unguwar Kollere da waya a cinya. Shekarunsa tamanin da biyu, kunnen hagu ya mutu tun a bakin daga, amma kira ba ya wuce shi. In wayar ta yi ƙara, galibi wani ɗan Garwa ne ya rasu a nesa, an kuma rasa mai ƙarfin halin gaya wa uwarsa.

Mahaifinsa ya tura shi Yola koyon kasuwanci ne wurin kawunsa, sai yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke, ya jefar da ma'auni ya shiga soja. Daga kurtu ya kai laftanar a shekara biyu, domin manya na faɗuwa da sauri; kafin yaƙin ya ƙare ya zama kyaftin. Da aka ajiye makamai, shi ya ɗauki jakunkunan yaransa sojoji da suka mutu, ya bi gari gari yana miƙa wa iyayensu. A nan ya koyi aikin da ya dawo mana da shi gida, aikin da babu albashi, babu mai roƙon a ba shi.

Kyaftin, kai ne mai tuɓe takalmi a zaure, ka nemi ruwa ka sha, ka jira mai gida ya zauna kafin ka buɗe baki. Kai ne ba ka taɓa cewa "jiki ya yi tsanani" alhali an riga an rufe mutum ba. Madam Jeannette, wadda ɗanta soja ya faɗi a fagen daga a Kolofata, ta shaida cewa ka zauna da ita daga hantsi har la'asar, ba ka ce mata ta daina kuka ba ko sau ɗaya.

Duk wannan yabo a kunnen 'yarsa Nasiha ake yinsa, kuma yana ƙona mata rai. Ranar da motar audugar mijinta Ridwan ta kife a hanyar Tuboro ya rasu, wani maƙwabci ne ya faɗa mata daga tsaye, yana in'ina, buta a hannunsa. Uban da ya lallashi rabin gari bai shigo ba sai da gida ya cika. Shekara shida tana kishin matan da ba ta ma sani ba. In ta ga Jeannette a kasuwa sai ta ji kamar ta ƙwace mata wani abu. Ita da ta fito daga jikinsa, me ta rasa?

Bara, da ya kwanta ciwo, tana ba shi magani, ta kasa haɗiye maganar, ta tambaye shi abin da ya hana shi kawo mata labarin da kansa.

Ya ce, "Sau uku na zo ƙofarki na koma, Nasiha. Duk wanda na kai wa labari, in ya sake ganin fuskata, ranar yake gani. Na yarda Garwa duka ta guje ni. Ke ce ban yarda ba."

Gaskiya ya faɗa. Jeannette ɗin da ke yabonsa, in ta hango shi tafe, layi take sauyawa.

Mun gode, Kyaftin, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu tura rasuwar mutum ta saƙon waya, ku zo Kollere ku koya tun yana da rai. Nasiha dai har yau tana cewa an cuce ta, ba ta huce ba. Amma kowace rana sai ta zo gaishe shi, ta zauna gabansa, su yi hira har da dariya.