Furen da Ba Ya Maganin Komi

Na sha yawo da motar kaya, daga Ƙanƙara har Fatakwal, amma ban taɓa ɗauko abin da ya jawo mani magana kamar wani ƙunshi da na zo da shi daga Jos ba. 'Yan ƙwallaye ne kamar albasa. Mai su ya ce fure ne, giladiyolas, a binne zurfin tafin hannu, tsinin na kallon sama.

Da ruwan shuka ya sauka na binne su bayan ɗakina, inda aka saba watsa rama. Gidan gado ne, kuma Yayana ne babba.

Suka fito da ganye tsaye kamar takobi, maƙwabta suka fara leƙe. A wurinmu duk abin da aka shuka, in ba na ci ba ne, to na magani ne. Wani dattijo mai ciwon gwiwa ya tako tun daga Mabai.

"Alhaji, wanga jiƙawa ake ko turarawa?"

"Baba, kallo kawai ake."

"To, ɓoye abinka," ya ce, ya fita yana ɗingishi da fushi.

Kafin Juma'a zance ya kai ƙofar masallaci, wai na binne asiri. Yaya ya iske ni ina ɗaure su da kara don kada iska ta kwantar da su.

"Ka tone abin nan, kana zubar mana da mutunci. Mi yake magani?"

"Ba komi, Yaya."

"Ana miya da shi?"

"Aikin da ke jikin hularka ma ba a miya da shi, ga ta bisa kanka."

Ya gyara hular, ya ce ya ba ni mako guda. Na ce ko shekara ce ba zan tone ba.

Furannin suka buɗe jajaye, daga ƙasa zuwa sama, ɗaya bayan ɗaya. Na shimfiɗa tabarmata nan, duk mai shigowa ya gan ni ina kallo.

Sai da kaka ta yi, ganye ya bushe, na ɗauko fartanya. Yaya ya tsaya kaina yana murmushi.

"Alhamdu lillahi, ka dawo hanya. Ina za ka zubar?"

Na kaɗe ƙasa na nuna mashi. Kowace ta haihu, 'ya'ya manne a gindi.

"Iri ne, Yaya. A inuwa za su bushe. Baɗi har bakin rijiya za su kai."