Na Tafi ko Na Gaji

Yayana ne ya koya mini cewa waƙa ba daga sama ake sauraronta ba. Ina 'yar shekara goma sha biyu a Damagaram ya zo hutu daga Paris, inda yake karatu, da kaset na wasu Turawan Ingila su huɗu. Hotonsu yana jikin kwalin, duk sun tara gashi, babu mai murmushi ko ɗaya. Na ce masa waɗannan kamar an hana su abincin rana. Ya make mini ƙeya, ya zaunar da ni gaban rediyon babanmu, ya ce in rabu da mai waƙar, in rabu da mai ganga, in nemi wanda yake can ƙasa. Ni ban ji kowa a ƙasa ba. Sai da ya kama hannuna ya ɗora a jikin rediyon, sannan na ji wani abu yana tafiya a tafina, a hankali, ba ruwansa da hayaniyar sauran. Ya ce sunansa bas, babbar gita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri.

Waƙa ta uku da shiru take farawa. Sai bas ya shigo shi kaɗai da sauti uku, na farko a sama kuma ya ɗan ja, na biyu ya faɗo ƙasa, na uku ya koma sama. Yaya ya rantse mini Hausa ce. Ya ce yadda kalangun mahauta yake kiran sunan mutum a kasuwa kowa ya gane ba tare da baki ba, haka wannan ma yake magana, kuma abin da yake cewa shi ne "na tafi". Na yi dariya har da riƙe ciki, na tambaye shi a ina Baturen ya koyi Hausa. Ya ce Baturen bai sani ba, yatsunsa ne suka sani. Bayan sati biyu shi ma ya tafi, ya bar mini kaset ɗin, na yi ta juya shi har zaren ya tsinke.

Shekaru da yawa bayan haka ni ma karatu ya kawo ni Faransa, na ƙare da aiki a wani ɗakin bincike na jami'a a Bron, gefen Lyon. Yaya kuwa ya zama tafinta a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, yana zama cikin ɗan akwatin gilashi da abin ji a kunne, yana juya Ingilishi zuwa Faransanci tun mai magana bai rufe baki ba. Ya auri Bafaranshiya, sun rabu lafiya, suna da 'ya ɗaya wadda a Hausa sannu kawai ta iya. Gidansa hawa na biyar ne kusa da tashar Château Rouge a Paris, babu lif, ɗaki biyu, rabin falon lasifika biyu ne suka cinye, kowace ta kai ƙuguna. Ya samo ainihin faifan garmaho na waɗannan mutanen, yana goge shi da wani ƙyalle da ba a yarda kowa ya taɓa ba.

Duk zuwan da na yi sai an yi mini darasi, ko da kuwa da yunwa na shigo. A wurinsa na san cewa gitar mai bas ɗin babu ƙarafa a wuyanta, shi ya sa sautin ba ya tsalle daga wani wuri zuwa wani, zamewa yake yi yadda muryar mutum take yi. A wurinsa na san akwai mutum na biyar wanda ba ya cikin hoton, wato wanda ya haɗa sautin a situdiyo, kuma Yaya ya fi girmama shi a kan duka huɗun. Mutumin nan ne ya ajiye bas a tsakiyar ɗaki, ya tura mai waƙar baya kaɗan ta hagu, ya busar da gangar har ka ce bargo aka lulluɓa mata. Fiyano kuwa ya nesanta shi, sai ka ɗauka a gidan maƙwabta ake kaɗawa. Abin da ya fi kashe Yaya shi ne wani ɗan ƙiii da yatsa yake yi a kan tsirkiya kafin sauti ukun nan su shigo. Ya ce wani zai goge shi a matsayin kuskure, wannan ya bar shi, don a san mutum ne yake numfashi a wurin. Na taɓa saya masa sabon bugu da aka gyara, ina ganin na yi abin kai. Ya saurari minti ɗaya ya miƙo mini kayana, ya ce sun shafa wa tsohuwa man bilicin.

Ina tsokanarsa cewa mutanen nan ko sunan garinmu ba su taɓa ji ba, shi ya mayar da su dangi. Amma gaskiya ni ma kiɗan ya shige ni. Mai bas ɗin yana da haƙuri irin wanda ni ba ni da shi. Yana iya barin wuri fanko, kana jira, kana jira, sai ka fid da rai sannan ya zo, kuma inda ya sauka ɗin nan ne daidai.

Kunnen Yaya ya fara tafiya yana ɗan shekara hamsin da 'yan kai. Daga sama abin ya faro. Ƙarar ƙofa ta ɓace, kukan tsuntsaye ya ɓace, sai kuma harufa masu kaifi, su sa da fa da ta. Aiki ya ƙare, don babu mai son tafintan da zai ce a maimaita. Faransancin da ya ci abinci da shi shekara talatin ya koma masa guna-guni. Likita ya ba shi na'urar kunne, ya sa ta sati biyu ya jefa a durowa, ya ce da ita faifansa yana fita kamar ana kaɗa cokali a kwanon sha. 'Yarsa tana zuwa, su zauna suna rubuta wa juna a takarda, kuma na san tana ƙoƙari. Amma Yaya mutumin kunne ne, rubutu bai taɓa isarsa ba.

Abin da ya rage masa shi ne sauti mai kauri, na ƙasa. Da shi ya rage masa Hausa, ko in ce inuwarta. Maganarmu tana hawa tana sauka, kuma hawa da saukar nan suna ɗauke da rabin ma'ana. Idan na tsaya kusa da kunnensa na dama, na kaurara murya, na yi a hankali, yana kama tashin maganar da faɗuwarta, ya cike sauran da ka. Gaisuwa ba ta ba shi wahala, ya san ta tun yana goye. Ina kwana, ina gajiya, ina labari, duk yana amsa su daidai, fuskarsa ta washe. A waya kuwa ba ya jin komai, don waya ba ta ɗauko kaurin murya. Mutanenmu na unguwar suna gaishe shi a bakin shago su wuce, babu mai lokacin tsayawa kusa da kunnen wani. Ni kaɗai na rage wadda yake ji, kuma awa biyu ne a jirgin ƙasa tsakanina da shi.

Sai na mayar da shi ka'ida, Asabar ɗaya in huta, ɗaya in je. In fito daga Bron da sassafe, in hau taram na cikin gari, in hau jirgin ƙasa zuwa Paris, in hau metro na ƙarƙashin ƙasa layi na huɗu, in tsaya a Château Rouge in sayi kuka da daddawa da naman rago, in hau bene biyar da leda a hannu biyu. In tuƙa tuwo, mu ci, sannan a sa faifai. Ya ba ni sabon aiki, in zama kunnensa na sama. Idan mai waƙar ya shigo in ɗaga yatsa, idan fiyano ne in ɗaga biyu. Kafin waƙa ta uku kullum sai ya dube ni ya tambaya ko ɗan ƙiii ɗin yana nan, in gyaɗa kai, ya lumshe ido. Shekara biyu muna haka. Ina ƙaunar Yayana, amma na fara tsanar Asabar, kuma ina jin kunyar hakan har cikin raina.

Ranar da abin ya faru na zo da ciwon kai, mako ya yi mini nauyi a wurin aiki. Na same shi cikin rigima, ya ce allurar garmaho ta karkace, ni na taɓa ta wancan zuwan. Na ce ban taɓa ba, bai ji ba, na maimaita sau uku ina ɗaga murya, kuma idan na ɗaga murya siririya take zama, sai ya ƙara rasa ni. Muka ci abinci ba daɗi. Ya sa fuskar farko ta faifan, ya sake sa ta, ya sake, ni kuma ina zaune ina ɗaga yatsu kamar mai ba da hannu a titi. Da ya tashi zai sa ta karo na huɗu, na kwashi kwanuka na shige kicin, wanda labule ne kawai ya raba shi da falo. Na kunna famfo, na dafa bakin wurin wanke-wanke, na ba shi baya. Ban san ya ɗage allurar ba, ban san yana tsaye bayana da kofuna ba. Na faɗa daga ƙasan ƙirjina, da irin muryar nan mai kauri da na saba yi masa:

"Na gaji."

Sai ya ajiye kofunan a gefena, ya ce:

"To, ƙanwata. Allah shi kiyaye hanya. Ki gaida mutanen Lyon."

Ƙarfe biyu ne na rana, jirgina sai shida, kuma ya sani, shi yake rubuta lokacin a jikin kalanda. Na gaji da na tafi hawa ɗaya ne, sauka ɗaya, tsawo ɗaya, sama, ƙasa, sama. Ga wanda harufa suka ɓace masa babu abin da ya raba su. Zai yiwu na tafi ya ji. Zai yiwu kuma tsohon tafinta ne ya ji daidai, ya zaɓa mini fassarar da ba za ta kunyata ni ba. Kalma ɗaya ta isa in gyara, in juyo in ce a'a Yaya, da sauran lokaci. Ban ce ba. Na share hannu, na ɗauki jakata, na sauka bene biyar ɗin nan ina jin sauƙi a jikina, na je tasha na zauna awa uku ina kallon tattabaru.

Asabar ɗin zuwa da ta biyo baya na aika masa saƙo cewa aiki ya riƙe ni. Ya amsa da ba komai, Allah ya taimaka. Ta gaba ma haka. Sai da na yi wata biyu ban je ba, ina ce wa kaina hutawa nake yi in dawo da ƙarfi. 'Yarsa ce ta kira ni wata Laraba ina wurin aiki. Ta ce ya tashi da jiri kwana goma da suka wuce, bai gaya wa kowa ba, da aka kai shi likita aka tarar ɗan abin da ya rage a kunnen dama ya tafi. An ce da an zo da wuri wataƙila a ceto wani abu, wataƙila kuma a'a. Ta faɗa mini wannan wataƙilar don ta lallashe ni, ni kuwa ita ce take hana ni sukuni har yau.

Na je ranar Asabar da ledar kuka da daddawa, kamar za su yi wani amfani. 'Yarsa ce ta buɗe mini. Yana zaune a ƙasa gaban lasifika, ya ba ƙofa baya, faifan yana juyawa da ƙarfin da tagogi suke rawa, tafinsa a jikin katakon. Na zagaya ta gabansa. Ya yi murmushi, ya ce sannu da hanya da wata murya da ta fara bajewa, ba hawa ba sauka. Bai tambaye ni ina na shiga ba. Ya kama hannuna ya ɗora kusa da nasa, yadda ya yi mini a gaban rediyon babanmu. Waƙa ta uku ta zo, ɗan ƙiii ɗin ya wuce, bai dube ni ba. Bas ya shigo, na ji shi a kunne na kuma ji shi a tafi, kuma a tafi bugu uku ne kawai, duk iri ɗaya.

Na jawo takardar da suke rubutu a kai. Tambayar da na zo da ita daga Lyon ita ce wanne ya ji a kicin ranar nan, amma hannuna ya ƙi. Sai na rubuta: me yake cewa yanzu? Ya karanta, ya daɗe yana kallon takardar.

"Ba shi cewa komi," ya ce. "Motsi ne kawai."

Ya mayar da ido kan faifan. Na matsa kusa da kunnensa na dama, inda na saba tsayawa, na kaurara murya yadda yake so, na ce Yaya, na dawo. Na faɗa sau biyu. 'Yarsa tana bakin labule tana kallonmu, ba ta san me na ce ba, shi kuma yana jiran waƙa ta huɗu da tafin hannunsa.