Zaman Zalɓe a Bakin Tabki

A shekarar da aka yi husufin rana, muka bi gari muna kiɗan gwangwani har haske ya dawo, a shekarar nan ce hatsinmu ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Ina da shekara tara, ƙanwata Hadiza tana da biyar. Kafin kaka ta zagayo, rumbunmu na Madarunfa ya koma wurin kwanan kaji, sannan kajin ma suka ƙare. Da bazara ƙyanda ta kama Hadiza a kan yunwa. Ta ƙi kunun jar dawar da ake rabawa, abu ɗaya take roƙo, romon kifi.

Tabkin garinmu ya ja baya ƙwarai, sai ƴan kududdufai cikin laka, tarwaɗar da ta rage kuwa ko inuwa ta gani sai ta nutse. Kwana uku ina tsalle cikin taɓo, ina kuka, ina komawa gida hannu wofi. Ran na huɗu kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, masunci ne da ƙafa ta hana shi aiki, ya dogara sanda ya biyo ni. Ya ce, "Kai raggo, da wannan haki naka za ka ciyar mini da amarya? Kifin da ke can garin Gabi ma ya ji ka. Zamna." Amaryarsa ita ce Hadiza.

Ya koya mini abin da yake kira zaman zalɓe. In shiga ruwa in zauna, baya a miƙe, hannuwa a buɗe cikin laka, ido a wuri ɗaya. In ja numfashi ta hanci, in sake shi a hankali, in ce ɗaya. Haka har goma. "In ranka ya gudu gida, kar ka zage shi. Kamo shi, ka koma ɗaya." Ranar farko ban taɓa wuce uku ba. Cikina yana ƙugi, tarin Hadiza yana cikin kunnena, sai in koma ɗaya. A kwana na biyar na kai goma sau da yawa, har na daina jin ƙafafuna, sai wani abu mai santsi ya kwanta a tafina. Na damƙe.

Inna ta dafa. Hadiza ta sha ludayi biyu, ta ce gishiri ya yi kaɗan, muka yi dariya. Amma ƙirjinta bai saki ba. Washegari da hantsi numfashi ya riƙa sarƙe mata, tana zare ido don tsoro. Na ɗora hannunta a ƙirjina na ce, "Bi ni, mu yi zaman zalɓe." Ta bi. In tari ya katse mu sai ta ce, "Yaya, koma ɗaya." Tsoron ya bar fuskarta. A zagaye na ƙarshe mun kai bakwai tare, na ce takwas ni kaɗai.

Yau ruwa ya dawo tabki, ni kuma da furfura nake zuwa ajin yaƙi da jahilci. Duk lokacin da rubutu ya gagare ni, nakan ajiye alli in ƙirga, kuma har yanzu ina ɗan tsayawa a kan bakwai. A waɗancan shekaru biyu na fari mun rasa saniya ɗaya, awaki shida, jakinmu, irin shukarmu, Baba Tsoho, da Hadiza.